Haƙurin da Na Ƙidaya a Kasuwar Aboabo

A Tamale Dagbanci ne harshen gari, amma wanda ya ratsa kasuwar Aboabo zai ji Hausa tana kai-kawo tsakanin mai saye da mai sayarwa. A can na yi bincikena na farko a fannin ilimin halayyar ɗan'adam, kan yadda mata 'yan kasuwa ke zancen asara da damuwa. Na naɗi hirarsu da izininsu, na mayar da ita rubutu, sannan na bi hanyar da ake kira nazarin ƙunshiya.

Hanyar ba ta da wuyar fahimta. Mai bincike yakan tsara rukunai, ya bi matani jimla-jimla yana jefa kowace a rukuninta, daga baya ya ƙidaya. Bernard Berelson, a littafinsa na 1952, ya nace a kan cewa abin da ya bayyana a zahirin magana shi za a ƙirga, bisa tsari, ba da son zuciya ba. Masana halayya sun yi amfani da ita a kan mafarkai da wasiƙu, kamar wasiƙun wata dattijuwa da Gordon Allport ya buga a Amurka a 1965.

Kalmar da ta fi yawa a takarduna ita ce "haƙuri". Duk inda na gan ta sai na jefa ta a rukunin "rungumar ƙaddara", har na fara rubuta cewa matan nan asara ba ta cin ransu sosai. Ƙa'idar aikin ce ta cece ni, domin wajibi ne mutum na biyu ya rarraba matanin shi kaɗai, a gwada ko an dace. Abokiyar karatuna ta yi, muka saɓa a wurare da dama.

Na kai ƙorafi wurin goggona, wadda ta tsufa tana sayar da hatsi. Na karanta mata jimlar wata da ta ce, "Ya cinye mini kuɗi, na yi haƙuri." Goggo ta yi dariya.

"'Yar nan, wannan ai ba ta yafe ba. Ta dai rasa yadda za ta yi ne."

Da na koma kan takardun, sai na ga "yi haƙuri" na mai ba da baki daban, na mai neman gafara daban, na mai hana bashi cikin ladabi kuma daban. "Sai haƙuri" kuwa, wadda na ɗauka natsuwa ce, sau da yawa tana zuwa ne bayan dogon shiru, shirun da ban ma rubuta ba.

Ban watsar da ƙidayar ba, domin ita ta nuna mini inda zan duba. Na raba rukunin gida huɗu, na koma kan muryoyin da na naɗa, wannan karon ina sa alama a duk inda mai magana ta ja numfashi.