Hasken Da Na Gani A Ƙasar Norwe

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka, domin tun da na komo daga Norwe abokan aikina suka mai da ni maƙaryaci.

Cikin Disamba na 2023 na sauka Tromso, garin da rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Wani dare jagora ya ɗaura mana takalma masu faɗi kamar faifai, don kada ƙafa ta nutse a dusar ƙanƙara. Ya ce tafiya ya sayar mana, ba haske ba. In gajimare ya rufe sama, shi ke nan. Na ji haushi, ni da ban saba biyan abin da ban gani ba. Muka hau tudu, muka kashe fitilu, muka tsaya har yatsuna suka sandare. Can sai wani koren haske ya keto sama, yana kaɗawa kamar rawanin da aka shanya.

Malamai, ba aikin aljanu ba ne. Waɗansu ƙananan ƙwayoyi ne rana ke fesowa, su bugi iskar sama, nisan mil 60 ko fiye. Masu musu kuwa, su zo su duba babban yatsan ƙafata, har yau bai warke sarai ba.

Naka,
Wani Akawu, Zariya.