Wasiƙa daga Bronx: Tukunyar Tururi da Ruwan Wanka

Yaya. Ya sanyi, ya jikin Baba?

Ka tambayi aikin da nake yi. Ina taya mai kula da wani tsohon bene ne a Bronx, kuma rabin yinina a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake ƙarewa, gaban wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ke tafasa ruwa, tururi ya bi bututu ya ɗumama ɗakuna. A cikinta akwai naɗaɗɗen bututun tagulla, ruwan famfo ya ratsa shi ya fito da zafi, da shi ake wanka. Saboda haka ko a watan Yuli, kowa na neman fanka, dole a bar tukunyar a kunne tana shan gas. Ga bututun ya toshe da daskararren gishirin ruwa, kana tsaka da sabulu sai ruwan ya huce.

Mai gidan yana ta lissafi: ko ya kafa tankin da tukunyar za ta riƙa ɗumamawa, ko ya sayi na'urar gas daban, ko ta lantarki mai zuƙo zafi daga iska. Hukuma ta fi son ta ƙarshen, don tun 2019 aka yi dokar rage hayaƙin manyan gine-gine. Ni da za a ji tawa, a raba aikin, tsohuwar tukunyar ta huta lokacin zafi.

Kada ka ɗauka tausayi ne ya sa shi wannan ɗawainiya. Dokar birnin New York ce: ruwan zafi kullum, bai gaza digiri 120 a ma'auninsu ba, kusan 49 a namu, ɗumama ɗakuna kuwa daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. In ya saɓa, ɗan haya ya buga lambar 311, a zo a duba, a ci shi tara. Wallahi tsarin ya burge ni, talaka ba ya roƙon haƙƙinsa. Amma akwai wata tsohuwa a hawa na biyar, ranar da tukunyar ta tsaya ba maƙwabcin da ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Kowa waya ya ɗauka ya kai ƙara, ya koma cikin bargo. Sai da muka hau duba bututu muka tarar da ita cikin rigunan sanyi, tana ɗumama ruwa a tukunyar girki.

Abin ya tuna mini da gida: a cikin kuɗin da na turo a cika tukunyar gas. Kuma don Allah ka ja kunnen yara, hunturun nan kada Baba ya yi alwalar asuba da ruwan randa.

A gaida Inna.
Ƙaninka.