Takalmin Nitso a Cikin Tsaraba

Ranar da na buɗe akwatina a tsakar gidanmu a nan Tirwun, bayan shekara huɗu a Jidda, kowa dabino yake jira da jallabiya da turare. Akwai su kam. Amma abin da ya shimfiɗe a ƙasan akwatin wasu baƙaƙen robobi ne guda biyu masu faɗi, kamar ƙafar agwagwa. Inna ta ɗaga ɗaya ta jujjuya, ta ce, "Kai kuwa ɗan nan, mafici ka sayo mini ko me?" Yara suka kwashe da dariya. Na ce mata takalmin nitso ne. Ta ajiye shi a hankali, ba ta ƙara cewa komai ba.

Tsofaffin unguwa sun san dalili. Ƙanena yana ɗan shekara 11 ya bi abokansa wanka a wani rami da aka haƙi ƙasar gini, ruwan Agusta ya cika shi. Samari sun yi iya yinsu. Sun shiga ƙafa ba takalmi, suna laluben ƙasa da dogayen sanduna, ɗayansu ma fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa. Kwana biyu Inna tana zaune a bakin ramin nan, ba ci ba sha, kafin ruwa ya dawo mana da shi don kansa.

A Jidda aikin dako na samu a wani shagon masu nitso a Abhur, arewa da gari. Ina ɗora tukwanen iska a kwalekwale, ina wanke kaya in an dawo. A hankali maigidana ya koya mini nitson har na karɓi takardar shaida. Ruwan Bahar Maliya garai-garai yake, kana hango kifi daga nesa kamar a talabijin. Ni kuwa duk lokacin da na nutse, jan ruwan ramin nan nake tunawa, wanda ko tafin hannunka ba ka gani a cikinsa.

Da tafiya gida ta matso sai na ce ba zan dawo hannu rabbana ba. Tukunyar iska dai babu zancenta: jirgi ba ya ɗaukarta a cike, ga nauyi, ga neman inda za a riƙa yi mata ɗuri. Abin da zan iya ɗaukowa shi ne gilashin ido da takalmi. A nan ne na sha wuya, domin kilo 23 aka yarje wa akwati, kuma dangin da ke jiran tsaraba sun fi ashirin.

Wanda raina ya fara so shi ne dogon nan na masu nitso ba tukunya, wanda tsawonsa ya kusa mita ɗaya. Bugu biyu ka kai ƙasa. Sai na auna shi da akwatina, ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Na tuna hanyar da zai bi: jirgi zuwa Kano, sannan motar haya ta Birnin Kudu da Ningi, inda yaran mota za su danne shi da buhun masara su ɗaure da igiya, sannan Keke Napep daga tasha zuwa gida. Irin wannan takalmi in ya lanƙwashe ya kwana a haka, da wuya ya sake miƙewa. Ban da haka ma, rami ba teku ba ne. A ƙuntataccen wuri dogon takalmi sai dai ya yi ta dukan bango yana tayar da laka.

Maigidana shi kuma Jet Fin ya nace mini. Tsohon samfuri ne, wani Bafaranshe mai suna Beuchat ya ƙera shi a 1964, kamfanin Scubapro kuma ya yaɗa shi duniya, har yau masu aikin ƙarƙashin ruwa suna ji da shi. Gajere ne, mai tauri, roba zalla, ba ya jin wahala. Ya ce, "Wannan jikanka ma zai gada." Gaskiya ya faɗa. Amma da na ɗora ƙafa biyun a sikeli sai na ga sun haura kilo biyu da rabi, kafin ma a haɗa da but ɗin da ake sa wa a ciki. Wato dabinon gida uku ke nan. Kuma in ya suɓule maka a ruwa, ƙasa yake yi. A teku mai haske sai ka bi shi ka ɗauko. A laka kuwa ya tafi ke nan.

Mafi sauƙin ɗauka shi ne mai rufaffen dunduniya, wanda ake zura ƙafa tsirara kamar takalmin makaranta. Ba nauyi, ba tsada, masu yawon buɗe ido shi suke saye. Na kusa biyan kuɗi, wallahi. Ƙafar yaron nan da kwalba ta yanke ita ta hana ni. Da wannan takalmi dole ka taka daga bakin ruwa ƙafa tsirara, ko ka yi tafiyar agwagwa a kan duwatsu. Sannan lamba ɗaya yake ɗauka, in ƙafarka 43 ce to mai 41 ba zai more shi ba. Ni kuwa ba don ƙafata kaɗai nake saye ba.

Akwai kuma mai tsagaggen baki, wanda aka raba tsakiyarsa biyu. Yana da daɗin bugu, ba ya gajiyar da sharaɓa. Sai dai bai dace da bugun kwaɗo ba, wato ka buɗe ƙafafu gefe ka haɗe su maimakon sama da ƙasa. Wannan bugun shi ne na ruwa mai laka, don yana tura ruwan baya ne, ba ya tura shi ƙasa ya tayar da ƙura. Kuma in za ka jawo mutum daga ƙasan ruwa, kana bukatar takalmin da zai tokare ruwan da ƙarfi, ba mai lauɗi ba.

A ƙarshe na tsaya a kan wani gajere mai buɗaɗɗen dunduniya, tsawonsa ya ɗan haura rabin mita, ƙafa biyun ba su kai kilo biyu ba, ya kwanta ɗaf a ƙasan akwati. Na cusa safa da hulunan tsaraba a aljihun ƙafar don kada ya matse. Abu ɗaya na ƙara kuɗi na canza: maɗaurin dunduniya. Na roba ne ya zo da shi, na sa aka musanya mini da na sifirin. Duk wanda ya taɓa barin silifa a rana daga Maris zuwa Afrilu a Bauchi ya san abin da zafinmu yake yi wa roba. But kuma biyu na saya, babba da ƙarami.

Na fara gwada shi a Wikki, a Yankari, inda ruwan yake da ɗumi wajen digiri 31 rani da damina, kuma kana ganin yashin ƙasa sarai. Can na kai ɗan yayana da abokansa biyu, mun je sau uku. Ban koya musu bajinta ba. Na koya musu cewa ba a shiga sai da igiya a ƙugu da mutum riƙe da ita a tudu, ba a yin nitso mutum ɗaya, kuma ba a jan numfashi da sauri-sauri kafin a nutse, domin hakan na iya sa mutum ya suma a ƙasa ba tare da ya ji alamar komai ba. Mutanenmu ba baƙin ruwa ba ne, ga masuntan Argungu nan da gora da koma, ga masu kamun kifi a dam ɗin Gubi. Amma yaran unguwa a kududdufi suke koyon iyo, babu mai nuna musu.

Daminar da ta wuce aka buga mana ƙofa bayan azahar. Wani yaro ne, a wani ramin daban. Kafin labari ya iso an yi fiye da awa ɗaya, saboda haka tun a hanya na san ba ceto za mu je yi ba. Na nutse sau shida ina lalube da hannu, numfashina ya ƙare, na fito. Ɗan yayana ya sa ƙaramin but ɗin, ya ja sifirin ya zauna masa daidai a dunduniya, na riƙe masa igiya. A nitsonsa na uku ya ja igiyar sau biyu, alamar da muka yi da shi.

An yi wa yaron sutura, aka kai shi kafin magariba. Da na dawo gida na tarar Inna ta ɗebo ruwa a bokiti. Ita da kanta ta wanke lakar da ke jikin takalman, ta kife su a inuwa bayan randa.