Daga Hali Zuwa Ƙa'ida

Duk wanda ya zauna ajin nahawu ya san cewa harshe ya girmi dokokinsa. Jama'a ke magana, daga baya masani ya kasa kunne ya fitar da ƙa'ida. Wannan ne ya ja hankalina ga Daikon, wata manhaja da Michael Ernst da abokan aikinsa suka gabatar a 1999, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Washington ta Amurka.

Matsalar da suka tunkara daɗaɗɗiya ce. Tun 1969 Tony Hoare ya nuna yadda za a rubuta sharuɗɗan manhaja da harshen lissafi, wato abin da ya wajaba ya tabbata kafin ta fara aiki, da wanda zai tabbata bayan ta gama. To amma ba kasafai ake rubuta su ba. Sharaɗin yakan zauna a ƙwaƙwalwar mai shi, in ya bar aiki ya tafi da abinsa.

Sai Daikon ta juya al'amarin. Za a yi ta sa manhajar aiki, ita kuwa tana lura da lambobin da ke shiga kowane sashe da waɗanda ke fita. Tana riƙe da tarin zato: wannan lamba ba ta kasa sifili, waccan ta fi wannan girma, wancan jeri a tsare yake. Duk zaton da aka ƙaryata, ko da sau ɗaya ne, sai ta yar da shi, wanda ya tsira kuma ta miƙa wa mutum.

A nan ne hankalina bai kwanta ba. Baƙon da ya ji riga da hula da mota zai ɗauka duk sunan da ya ƙare da wasalin "a" tamata ne, har ranar da ya ci karo da gida. Masu Daikon sun san haka, shi ya sa suka kira sakamakonta ƙa'idoji masu yiwuwa.

Mai karatu ya tuna da rokar Turai Ariane 5, wadda ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, daƙiƙa kusan 40 da tashinta. An gado wani sashen manhajarta daga Ariane 4, inda wata lamba mai nasaba da gudun roka ba ta taɓa fin ƙarfin gurbin da aka tanadar mata ba. Sabuwar roka ta fi gudu, lamba ta cika gurbi ta batse. Da Daikon ta kalli tsohuwar sau dubu, ai shaida za ta bayar cewa lafiya lau.

Duk da haka ina ganin amfaninta babba ne, domin zaton da aka rubuta a fili yana iya gamuwa da mai tambaya, ya ce shin har yanzu haka ne? Na'ura ta faɗi abin da manhaja ta saba yi. Ko shi ya kamata ta yi, wannan alhaki yana wuyanmu.