Daga bakin kogi zuwa kufan Maya

Hanyar da mutum ya bi ya isa wuri tana daga cikin abin da zai fahimta game da wurin. Wanda ya sauka Agadas a jirgin sama ya ga Agadas, amma wanda ya shige ta bayan kwana da kwanaki a bisa raƙumi shi ya san dalilin da ya sa aka kafa gari a can. Wannan tunani ne ya sa nake son yin magana da ƴan uwana malamai da iyaye a kan wani irin yawon buɗe ido da ake yi nesa da mu ƙwarai, a ƙasashen Beliz, Gwatamala da kudancin Meziko. A can ana ɗaukar baƙi a ƙananan kwalekwale, a ratsa kurmi da su ta kogi, har a kai su kufan biranen mutanen Maya.

Na san wannan yawo ta hannun wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Amurka. Ya je hutu Beliz, ya riƙa turo mini hotuna da bidiyo ta WhatsApp, don ya tuna a darasina ya fara jin sunan Maya. Beliz ƙaramar ƙasa ce a Amurka ta Tsakiya, mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, ta samu ƴancin kai daga Ingila a 1981. A yammacinta akwai garin San Ignacio, kusa da inda koguna biyu, Macal da Mopan, ke haɗuwa su zama kogin Beliz. Daga wannan gari ake shirya da yawa daga cikin irin waɗannan tafiye-tafiye.

Jirgin da ake shiga ana kiransa kayak. Ɗan siririn kwalekwale ne na roba mai ƙarfi, yana ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu, a tsoma dama a tsoma hagu. Kowa sai ya sa rigar da ke hana nutsewa kafin ya shiga. Jagora yana gaba, baƙi na biye da shi, kuma a Beliz ba kowa ke jagorancin baƙi ba, sai wanda ya yi horo ya samu lasisi daga hukuma. An fi yin tafiyar da rani, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, domin da damina kogi kan cika ya yi ƙarfi. A bidiyon da na gani babu ƙarar inji ko kaɗan. Sai motsin ruwa, da kukan wasu birai masu ruri kamar zaki, da manyan ƙadangaru masu girman damo kwance a kan rassa suna shan hantsi. Sannan ga wani icce da na gane tun kafin a faɗi sunansa: rimi ne, irin namu sak. Mutanen Maya na dā suna girmama shi, suna ɗaukarsa iccen da ya haɗa sama da ƙasa, kuma shi ne iccen da Gwatamala ta zaɓa ya zama alamar ƙasarta. Bayan tuƙin sa'o'i sai a fito gaɓa, a hau tudu zuwa kufai irin su Cahal Pech, ko a ƙetare Mopan zuwa Xunantunich, inda akwai dalar dutse mai tsayin kusan mita 40.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne na shan wahalar tuƙi, alhali mota tana kai mutum har bakin kufan? Amsar ita ce ta ja hankalina a matsayina na malami. Mutanen Maya ba su da doki, ba su da jaki, ba su da raƙumi ko saniyar ɗaukar kaya, kuma ba su yi amfani da amalanke ba. Duk abin da za a kai wani gari, ko dai a baya da kai, ko a kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya. Abin da raƙumi yake ga ayarin gishirin Bilma, shi kwalekwale yake gare su. Ta ruwa gishiri ke tasowa daga bakin teku zuwa biranen cikin kurmi. Ta ruwa kuma ake rarraba baƙin dutse mai kaifin gilashi da ake samu a tsaunukan Gwatamala, wanda shi ne wuƙarsu da askarsu, da koren dutse mai daraja na kwarin Motagua, da ƙwayar koko wadda har kuɗi aka yi da ita.

Shaidar wannan tana nan a hannu. A 2004 wata masaniyar binciken kayan tarihi, Heather McKillop, ta gano filafilin katako a wata tsohuwar masana'antar gishiri da ruwa ya shanye a kudancin Beliz, ya haura shekara dubu a cikin laka. A 1502 Kolombus ya ci karo da wani katafaren kwalekwalen ƴan kasuwa kusa da gaɓar Honduras, maƙare da tufafin auduga da koko da kayan tagulla, kuma masana da dama na ganin daga ƙasar Maya ya fito. A Tikal, cikin kabarin sarki Jasaw Chan K'awiil wanda ya yi mulki a farkon ƙarni na 8, an samu ƙasusuwa da aka zana hoton kwalekwale da matuƙansa a jikinsu. Saboda haka baƙon da kafaɗunsa suka yi tsami bayan sa'a biyu yana tuƙi ya riga ya koyi wani abu game da tattalin arzikin Maya. Ya san tsadar buhun gishirin da aka hau da shi kogi ana gaba da ruwa, kuma da ya ga tsohon gari a kan tudu yana leƙen mashigar kogi, ba sai an gaya masa dalili ba.

Ruwan da ya raya biranen yana da hannu a mutuwarsu ma. Tikal, a arewacin Gwatamala, birni ne da dalarsa mafi tsayi ta haura mita 60, amma babu kogi a kusa da shi. Ƙasar wurin farin dutse ne mai tsotse ruwa, don haka mutanen suka haƙa manyan tafkuna, suka shafe filayen gari ta yadda ruwan sama zai gangara ciki, su sha har rani ya wuce. Dabara ce mai kyau muddin damina tana cika alkawari. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda aka yi da lakar ƙasan tafkin Chichancanab a Meziko, ya nuna cewa a zamanin da biranen suka fara durƙushewa, ruwan sama na shekara ya ragu da kusan rabi. Dutse na ƙarshe da aka kafa a Tikal mai ɗauke da kwanan wata na shekarar 869 ne, kuma ba a jima ba kurmi ya fara cinye garin. Mu da iyayenmu suka ba mu labarin farin 1973 da na 1984, ba ma buƙatar dogon bayani kan yadda gari ke watsewa idan tafki ya ƙafe.

A gefe guda ga Lamanai, a arewacin Beliz, wanda ke bakin wani babban tafki da kogi ke ratsawa zuwa teku. Har yau ta ruwa akasarin baƙi ke zuwa can. Mutane sun zauna a wurin kusan shekara dubu uku, sun ga faɗuwar Tikal, suna nan har Sifaniyawa suka zo suka gina coci biyu a garin, waɗanda aka ƙona a wani bore wajen 1640. Sai dai kada mu sauƙaƙa wa ɗalibai lamarin fiye da kima. Yaxchilan da Piedras Negras duka a bakin babban kogin Usumacinta suke, ruwa bai taɓa yanke musu ba, amma gaba ta cinye su. Rubutun ƙarshe na Yaxchilan, na shekarar 808, alfahari ne da kama sarkin Piedras Negras, kuma ba a daɗe ba duka biyun suka zama kufai. Fari, yaƙi, saran itatuwa da yawan jama'a ne suka haɗu, kowane gari da irin rabonsa.

Bayan kogi, abu na biyu da ya ba tafiyar daraja shi ne jagoran. Duk lokacin da na koyar da wannan darasi, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, to su mutanen ina suka tafi?" Ba su tafi ko'ina ba. Sarautar ce ta rushe, jama'a suka watsu zuwa ƙauyuka da wasu biranen. Yau miliyoyin mutane na magana da harsunan Maya kusan 30. A ƙidayar Gwatamala ta 2018, sama da kashi 40 cikin ɗari na mutanen ƙasar sun ce su Maya ne, kuma Rigoberta Menchú da ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992 ɗiyarsu ce. Ɗalibin nawa ya ce jagoransu ɗan wani ƙauye ne na bakin Mopan, kakarsa har yanzu da harshen Maya take magana, kuma shi ya nuna musu ganyen da ake maganin ciwon ciki da shi, da tudun da ke kama da tudu alhali gini ne ciyawa ta rufe.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna abin da aka yi wa tarihinsu. A 1562 wani limamin Kirista ɗan Sifaniya, Diego de Landa, ya tara littattafan Maya a garin Mani ya cinna musu wuta. Guda huɗu kacal suka rage a duniya, uku daga ciki suna Turai. An kai lokacin da babu mai iya karanta rubutun da ke jikin duwatsun, har wasu Turawa suka riƙa cewa ai baƙi ne daga wata nahiya suka yi gine-ginen, irin abin da aka faɗa a kan tsohon birnin Zimbabwe a nan Afirka. Sai a 1952 wani ɗan Rasha, Yuri Knorozov, ya nuna cewa alamomin rubutun gaɓoɓin magana ne, daga nan ƙofa ta fara buɗewa. Yanzu ana karanta sunayen sarakuna da ranakun yaƙe-yaƙensu. Mutanen da suka san sifiri a lissafi tun Turai ba ta san shi ba, yau jikansu ne ke tsaye gaban dala yana bayani, baƙi na saurare.

Akwai dai abin da ke damuna a cikin sha'anin. Tafiyar ta masu hali ce, kuma yaron ƙauyen da ke kallon kwalekwalen baƙi na wucewa ba lallai ne ya taɓa hawa dalar kakanninsa ba, ko da yake a Beliz kuɗin shiga na ɗan ƙasa bai kai na baƙo ba. Kayan tarihi da yawa sun riga sun bar gida: wasu daga cikin mafi kyawun sassaƙe-sassaƙen Yaxchilan suna gidan tarihi na Landan tun ƙarshen ƙarni na 19. Ɓarnar cikin gida ma tana nan. A 2013 aka wayi gari masu aikin hanya sun sa katafila sun rushe dalar Nohmul a arewacin Beliz, ginin da ya haura shekara dubu biyu, don kawai su samu tsakuwar cike hanya. Wanda ya tuƙa katafilar nan ya yi makaranta. Abin da bai samu ba shi ne wanda zai kama hannunsa tun yana yaro ya ce masa wannan tudu naka ne.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. A 1975 aka gano kayan tarihin Bura a yankin Tera, tukwane da mutum-mutumin yumɓu na ƙarnuka masu nisa, kuma tun daga lokacin masu haƙan sata ke kwashe su zuwa kasuwannin Turai, da hannun ƴan ƙasa. Ba ni da kuɗin kai ajina Beliz, kuma ba zan ba kowa shawarar zuba yara a kwalekwale babu rigar kariya ba, mun ga asarar rayuka a kogin Kwara ta ishe mu. Amma tsarin tafiyar ba ya buƙatar jirgin sama: a bi hanyar da mutanen dā suka bi, a tafi da wanda ya gaji labarin. Malamin Maraɗi zai iya ɗaukar ajinsa da safiyar Asabar su gangara da ƙafa zuwa gulbi, su ga inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu, tare da dattijon da ya ji labarin daga bakin mahaifinsa. Na Damagaram yana da unguwar Birni da ragowar ganuwarta da gidan Sarki. Na Yamai yana da gidan tarihi na Bubu Hama da bakin kogi. Uba ma zai iya yin haka da ƴaƴansa ran da aka je ƙauye, ya nuna musu kufan da kakanni suka taso, da rijiyar da ta ƙafe ta kore su.

Yaron da ya taka wuri da ƙafarsa, ya yi gumi kafin ya isa, ya ji labarin daga bakin mai shi, da wuya ya girma ya sayar da tukunyar kabarin kakansa a kan ƴan jakunkuna. Allah ya ba mu ikon kai su.