Lokacin da Ake Auna Katanga da Taki

Kafin ranar 1 ga Oktoba 1996, ranar da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanki Jihar Nasarawa daga Filato ta ba Lafia hedikwata, katanga ba ita ce farkon abin da mai gini yake tunani ba. Ɗaki ake fara yi, iyali su tare, sannan a kewaye. Kewayewar ma don sutura ce, kada mai wucewa ya hango matar gida tana daka ko tana wanka. A cikin gari, wajajen Ƙofar Fada, akwai katangun laka tun na iyaye da kakanni. Da an ɗan fita kuwa sai darni da zana.

Lissafin wancan zamani ba ya buƙatar takarda. Maigida zai zagaya filinsa yana ƙirga taki, ya san dirka nawa zai saro da dami nawa na karan dawa zai tara bayan girbi. Zana kuwa ta gamba ce, a saya a kasuwa ko a saƙa a gida. Mai dabara yakan dasa aduruku ko bini-da-zugu a madadin dirka, domin su gara ba ta cin su, tsiro ma suke yi, bayan damina biyu sun zama shinge da kansu. Abin da za a kashe bai wuce na igiyar rama da tuwon 'yan gayya ba.

Katangar laka ita ce mai ɗawainiya. Sai an haƙo jar ƙasa, an kwaɓa da ciyawa, an bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake takawa, sannan magini ya ɗora. Ba ya ɗora sahu na biyu sai na farko ya sha rana, shi ya sa aikin na rani ne. Ruwan Lafia ba irin na Kano ba ne, yakan sauka tun Afrilu ya kai Oktoba, saboda haka magini yakan faɗaɗa gindin katanga ya tsuke samanta, wani ya yi mata hular ciyawa. Kuma ba ya tashi aiki sai ya tsaya ya duba inda ruwan tsakar gida zai bi, ya bar masa rariya. Duk shekara a yi yaɓe. Ban ce babu wahala ba: gobara ɗaya ta hunturu takan lashe darnin unguwa guda, akuya kuma ba ta jin kunyar zana.

Da hedikwata ta zo, ma'aikata suka kwararo daga Jos, fili ya yi daraja. Gonakin da ke kan hanyar Shendam da ta Makurdi da ta Doma aka yanka su fuloti-fuloti, Bukan Sidi da Shabu suka cika, zuwan Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara wa abin wuta. Sai tsarin ya juye. Yau mutum yakan kewaye fili ya sa get shekaru kafin ya haƙa harsashin ɗaki, don kada ya dawo ya tarar an sayar wa wani, ko maƙwabci ya ci masa ƙafa biyar.

Lissafin ma ya koma na biro. Fuloti mai ƙafa 100 da 50 kewayensa ƙafa 300 ne. Bulo ɗaya tsawonsa inci 18, wato biyu suna cin ƙafa uku, layi ɗaya zai ɗauki 200 ke nan. In za a yi layi 12, biyu a binne goma a sama, an tashi 2,400. Abin da aka rage na gurbin get, fashewar bulo wajen lodi da saukewa za ta cinye shi. Birkila zai ce maka buhun siminti ɗaya yana ɗora bulo mai inci tara kamar 50, ka ga an doshi buhu 50 tun ba a zo kan kankaren harsashi da ginshiƙai ba. Ginshiƙi a kowace ƙafa goma, kusan 30 ke nan, kowanne da rodinsa da tsakuwarsa da katakon kafinta. Sai yashi tifa-tifa, sai ruwan tanka, sai lebura, sai mai walda. Filasta kuwa yawanci akan ce "sai an samu hali".

Sannan farashi ba ya jiran kowa. Buhun simintin da bai kai naira dubu ba lokacin da aka kafa jihar, a farkon 2024 ya haura dubu goma, alhali masana'antar siminti ta Gboko tana nan maƙwabta a Binuwai. Takardar da birkila ya rubuta maka wannan wata, wata mai zuwa sai an sake ta.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake rage kuɗin. Ba wanda ke yarda a rage tsayi, domin shi ido ke gani. A ƙasa ake ragewa: harsashi ƙafa ɗaya, ginshiƙi nan da can, bulo kuma na masu buga 50 ko fiye a buhun da ya kamata ya ba da 30, wanda in ka murza gefensa da yatsa yashi ke zuba. Rariya kuwa sau da yawa ba ta cikin takardar sam. Ruwan Agusta ya taru a bayan katangar da ba ta da mafita, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, da asuba a ji rugum. Duk damina sai ka ga irinsu a sababbin unguwanni, sun kwanta a kan hanya ko a gidan maƙwabci, wani lokaci a kan ɗakin da yara ke barci. Duk wanda za a rubuta wa lissafi, ya tambayi birkila zurfin harsashi da inda ruwa zai fita kafin a zo maganar kuɗin get.