A Koya wa Yara Cewa Kowa Baƙo Ne a Wani Wuri

Na daɗe ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, kuma abin da shekaru suka tabbatar mini shi ne ba a haihuwar yaro da ƙin wani. A gida yake tsintar ƙiyayya, ko a majalisa, daga bakin manya. Yana jin ana kiran wasu da sunayen raini saboda yarensu ko addininsu, sai ya ɗauka haka Allah ya yi duniya. In makaranta ta yi shiru, ta miƙa tarbiyyarsa ga titi ke nan.

Mu da muka ga jiya muka ga yau mun san inda ƙyamar baƙo take kaiwa. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar ƙasar. Hausawa da Yarbawa da suka tsufa a zangunan Kumasi da Akara suka karyar da kayansu, suka dawo da 'ya'yan da ba su taɓa ganin Najeriya ba. Muka yi ta Allah wadai. A farkon 1983, da kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Shagari ta yi wa baƙi irin wannan kora, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka fita. Jakar nan da ake kira Ghana-mas-go daga nan ta samo suna, yaranmu na zuba kaya a ciki ba su san hawayen da ke bayanta ba. Wanda aka kora jiya shi ya yi kora yau, kuma duk lokacin da abinci ya yi wuya, baƙo ake fara nunawa da yatsa.

Ta fuskar addini kuwa, abin da ya fi ci mini rai shi ne rikicin Kafancan na 1987. A kwalejin horar da malamai ya faro, tsakanin waɗanda ake shiryawa su riƙe aji, kafin wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. Bayan rikicin 2000, garin Kaduna ya rabu: akasarin Musulmi a arewacin kogi, akasarin Kiristoci a kudu. Yau akwai saurayin da ya gama sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da mai wani addini ba. Me zai sani game da shi in ban da jita-jita? A haka kuma aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, aka shafe shekaru kafin a waiwaye shi.

Alhali kayan koyarwar suna ƙofar gidanmu. A zagaya da yara cikin birnin Kano, a nuna musu Ayagi ta Yarbawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, a gaya musu Wangarawa daga Mali suka zo zamanin Sarki Yaji. A ba su labarin mutanenmu da suka nausa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a Sudan. Malamin addini ya tuna musu cewa da aka tsananta wa sahabbai a Makka, sarkin Habasha, Najashi, wanda yake Kirista a lokacin, shi ya ba su mafaka. Sannan a sa kowane yaro ya tambayi kakansa daga ina zuriyarsu ta taso. Kaɗan ne za su dawo da amsar cewa nan aka halicce su.

Kada kuma a ɓoye mai ɗaci. A faɗi kisan da aka yi wa Ibo a Arewa a 1966, a faɗi wanda aka yi wa Hausawa a Zangon Kataf a 1992, a aji ɗaya, da murya ɗaya. Malamin da yake ƙirga gawar nasa kaɗai, gaba yake shukawa.

Ya ku malamai da iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku koya wa yaran nan mutunta baƙo da mai wani addini tun suna firamare, domin in kun bari, masu neman ƙuri'a da masu wa'azin husuma za su koya musu akasin haka.